Sabon Kicin ɗin Sufeto

Sufeto ba sunanta na yanka ba ne, amma in ka shiga layinsu kana neman ta da wani suna daban, sai dai a yi ta kallon-kallo. Ka ce Sufeto kuwa, ko mai gyaran takalmi na bakin kwana zai nuna maka tsohon benen nan mai ruwan toka, ya ce ka hau sama, ƙofar hagu, kuma ka goge ƙafarka kafin ka ƙwanƙwasa. Sunan ta samo shi ne a kamfanin ɗinkin riguna inda ta ƙarar da ƙuruciyarta. Aikinta duba rigar da aka gama. Ta juya ta ciki, ta ja kafaɗa, ta bi ɗinki da farce, ta girgiza maɓalli. Riga sai ta wuce hannu da hannu kowa na cewa ta yi, ta iso teburinta ta ce a mayar. Teloli da yawa sun yi kuka a bayan gida saboda ita, kuma har ta bar aikin ba a taɓa kama ta da ƙarya a kan riga ba.

Halin bai tsaya a ƙofar kamfani ba, ya biyo ta gida. Mai kawo gas ya san sai ta ɗaga tukunyar ta jijjiga kafin ya tafi. Mai kayan miya ya san sai ta tono tumatirin ƙasa. Mijinta, makanike ne mai yawan barkwanci, yakan ce ko ruwa ya miƙa mata sai ta leƙa gindin kofin. Yakan ce mata, “Ranar da na mutu, don Allah ki duba ɗinkin likkafanin, kada su cuce ni.” Da ranar ta zo, tana hawaye ta duba, ta sa aka sake gefe guda.

Kicin ɗinta ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya yi gefe, da taga guda mai kallon bayan wani benen. Baƙo in ya leƙa zai ɗauka rumfar ’yan gwangwan ce, don ba mazubi biyu da suka yi kama da juna. Gishiri na cikin tsohon gwangwanin madara da ya lotsa a gefe. Sukari na cikin kwalba mai ƙaton wuya. Ganyen shayi na cikin wani gwangwani da murfinsa ba ya buɗuwa sai an danne shi da babban yatsa. Man girki na cikin gora mai mariƙin waya, aikin marigayi. Ludayi na rataye a ƙusa, wuƙa na soke tsakanin kanta da bango, kuma a gaban murhu akwai tayil guda da ya fashe tun yara na ƙanana, ba a taɓa gyarawa ba. ’Ya’yanta sun daɗe suna jin kunyar kicin ɗin nan. Ita kuwa ba ta taɓa neman wani abu a cikinsa ta rasa ba.

Sai ido ya fara cin amanarta. Abin ya zo kamar tururin tukunya da ya ƙi washewa, ya zauna daidai tsakiyar duk abin da ta kalla. Da farko zare ya daina shiga allura. Daga nan rubutu ya ɓace gaba ɗaya, fuskoki suka bi shi, har ta koma gane mutane da murya da takun ƙafa. Matar da ta ci abinci da idonta shekara da shekaru, yau ga shi ba ta iya bambance gishiri da sukari a tafin hannunta. Ta ji tsoro ƙwarai, amma ba ta gaya wa kowa ba, kuma tana da dalilinta.

Dalilin shi ne yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, macen da ta ciyar da gida cike da mutane. Ranar da ta yi kuskuren cewa ido ya fara yi mata hazo, ’ya’yanta suka taru, don ƙauna, suka kwashe ta zuwa gidan babbansu. Aka ba ta ɗaki mai kyau da kujera mai laushi da talabijin ɗin da ba ta gani, aka hana ta taɓa ko ashana. Sufeto ta je gaishe ta, ta iske ta zaune tana murza gefen mayafi. “Ko albasa ce, ki roƙar mini su ba ni in yanka,” in ji ta. Ba ta daɗe ba bayan nan. Likita ya faɗi sunan wani ciwo, Sufeto dai ta san abin da ya kashe yayarta. In gemun ɗan’uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ta ƙudura cewa muddin tana iya ɗora tukunya ta sauke, ba mai raba ta da gidanta.

Kicin ɗin ya rufa mata asiri. Ƙafarta na taka fasasshen tayil ta san ta iso gaban wuta. Yatsanta na jin lotsin gwangwani ta san gishiri ne. Tsohon murhun yana huci, daga hucin take gane ƙarfin wutar. A nan ciki ba ta bukatar ido, kuma duk wanda ya ci girkinta ba zai ce wani abu ya canza ba.

’Ya’yanta biyu ne a garin. Babba ma’aikacin banki ne, yana zuwa gaisuwa da makullin mota a hannu, ya ɗosana a bakin kujera, waya na ta kiransa. Auta kuwa a kantin magani take aiki, yarinya mai tsabta har ta yi yawa, wadda ta yarda cewa duk abin da ba a rubuta sunansa a jikinsa ba haɗari ne. Ita ce ta zo wata Asabar da fara’arta, ta zauna kusa da uwar ta miƙa mata waya.

“Mama, kalli nan. Ni da Yaya mun yanke shawara, za mu gyara miki kicin. Wanne launi ya fi miki, wannan ko wannan?”

Sufeto ta riƙe wayar, ba ta ga komai ba sai haske mai murabba’i. Yau kuma ita ake miƙa wa abu a ce ta kalla ta zaɓa? Ruwa ba ya tsami banza.

“Duk ɗaya ne,” ta ce, ta mayar mata. “Me kicin ɗin ya yi muku?”

“Haba Mama, gwangwanayen nan duk sun yi tsatsa. Kyankyasai ma sun yi hedikwata a bayan kantar. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.”

“Ke da Yayanki kuka zauna kuka yanke. A ina? Yaushe?”

“A waya mana. Mama, kyauta ce fa, ba sammaci ba.”

Auta ta yi dariya, Sufeto ba ta yi ba. ’Ya’yan yayarta ma a waya suka fara, kuma su ma da fara’a suka zo. Ta so ta ce ba ta so, to amma da wane dalili? Wace uwa ce ’ya’yanta za su yi mata gata ta ƙi, in ba tana ɓoye wani abu ba? Ƙin ma tona kai ne. Ta yi shiru, aka ɗauki shirun a matsayin amincewa.

Kafintan da Auta ta kawo mutum ne mara magana, fensir a bayan kunne, yana aiki yana ɗan gunaguni da waƙa. Sufeto ba ta yarda da masu shiru-shiru ba, su ne ke kwashe zance su kai. Ya ja tef ɗin awo nan, ya ja can, sai ya juyo.

“Mama, ɗan miƙa hannunki sama in ga inda yake kaiwa.”

“Hannuna ka zo aunawa ko bango?”

“Don kada kanta ta yi miki nisa ne.”

Ta miƙa, tana jin idonsa a kanta. Daga baya ya ce ko za ta riƙe masa bakin tef ɗin ta faɗa masa lambar da ya tsaya a kai. Nan ta tabbata an turo shi ne. Ta ce ita ba yaron shagonsa ba ce, ya karanta abinsa. Bawan Allah ya ba da haƙuri, ya rubuta a jikin katako, bai sake neman taimakonta ba.

Babba ya bugo waya ya ce ta koma gidansa har a gama aikin, saboda ƙura da bugun guduma. Ta ce ƙura ba ta taɓa kashe kowa ba. Ta san irin wannan tafiyar, ta kwana biyu ce a baki, a ƙarshe a aiko a kwashe sauran kayanka. Ta ja kujera ta dasa a bakin ƙofar kicin, ta zauna tana sauraro. Ta ji an ɓanɓare kantar da marigayi ya kafa. Ta ji an fasa tayil. Ta ji Auta na zuba gwangwanayen cikin buhu, kuma kowanne ta gane shi da ƙararsa.

“Ki bar mini na gishirin nan,” ta ce.

“Mama, shi ne ma ya fi kowanne tsatsa. In na bar miki guda, gobe sai sauran su dawo.”

Mai shara ya tafi da buhun kafin la’asar.

Ranar da aka gama, maƙwabta suka yi ta shigowa kallo suna sa albarka. Kicin ya zama fari fat, sumul daga sama har ƙasa. Ƙofofin kabad ba su da mariƙi, sai an danna su buɗe. Ba ƙusa ko guda a bango, ludayi da wuƙa sun shige durowa. Sabon murhun na kunna kansa, kuma wutarsa ba ta huci, shiru take ci. Abin da Auta ta fi alfahari da shi su ne robobin, dogaye masu murfi iri ɗaya, tsayi ɗaya, nauyi ɗaya, jere reras. Kowacce ta manna mata suna da ɗan injin da take buga sunan magani, ƙananan haruffa masu kyau. Man girki ta juye shi a doguwar kwalba mai bakin ƙarfe, ta ajiye kusa da murhu. Sabulun wanke-wanke ma ta juye shi a irin kwalbar, ta ajiye a bakin famfo, don a cewarta robar kamfani na ɓata tsari.

“Yanzu ko baƙo ya shigo, karantawa kawai zai yi,” in ji Auta.

Sufeto ta shafa jerin robobin da tafin hannu. Duk ɗaya. Ta ce Allah ya yi albarka, don abin da ake faɗa ke nan, amma a ranta ta ce lallai yarinyar nan ta iya ɗana tarko. Da za a ce wani ya zauna ya tsara kicin ɗin da zai tona asirin mai ciwon ido, ba zai wuce haka ba.

Kwanakin da suka biyo baya ta sha wuya. Tana danna bango tana neman ƙofa, ƙofar da ba ta nema ba ta buɗe ta buge ta a goshi. Kafin ta sa gishiri a tukunya sai ta buɗe robobi ta lasa ɗaya bayan ɗaya, har harshenta ya gaji ya daina bambancewa. Ta ƙone a gefen hannu, saboda ta ɗauka murhun a kashe yake. Amma mai duba riga ba ta saba a ci ta da yaƙi ba. Ta ɗaura zare a wuyan robar gishiri, ta manna filasta a murfin sukari, ta jera su yadda hannunta ya saba, na kullum a gaba, na jefi-jefi a baya. A hankali ta fara samun kanta.

Asabar ta zagayo, Auta ta zo da tsumma. Sufeto na falo tana jin motsin robobi.

“Mama, tun ba a je ko’ina ba kin fara ɓata su? Wannan zaren na mene ne?”

“Ado ne.”

“Wallahi Mama kina da abin dariya.”

Ta tsinke zaren, ta ɓare filastar, ta goge wurin, ta sake jera komai bisa haruffa kamar yadda ake jera magani. Wata Asabar ɗin ma haka. Biri ya yi kama da mutum. Sau ɗaya a ce tsabta ce, amma duk alamar da ta sa a bi a cire? Sufeto ta gama haɗa zancen a ranta. Sun sani. Ba sa son su tambaye ta ta musa, so suke ta faɗi da kanta a gabansu, sannan Babba ya ce ai kin gani, Mama. Ta daina sa alama, don alamar ma shaida ce. Ta koma shayi da burodi, sai ’yar taliya in yunwa ta matsa. Auta in ta bugo ta ce me aka dafa yau, sai ta lissafa mata girkin da ba a yi ba. Rigunanta suka fara yi mata yawa, ta ɗauka su ma sun lura, suna dai jira ne.

Sai ga saƙon da take jira. Babba ya ce ranar Lahadi shi da Auta za su zo su ci girkin Mama na sabon kicin. Mutumin da bai taɓa zama ya gama kofin shayi ba, yau shi ke neman a yi masa girki. Ta ce Allah ya kai mu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ta yi niyyar gwadawa.

Tun da safe ta shirya. Ta lasa ta ware gishiri da kayan ƙamshi, ta zuba a ’yan kofuna ta jera a bayan buta. Ta yanka albasa, ta wanke shinkafa, ta gyara kaza. Ta shafa kwalbar mai ta tabbatar tana hannun dama na murhu, ta sabulu na can bakin famfo. Ta yi wanka ta sa rigar da ta fi yi mata daidai, ta zauna. Auta ta riga yayanta isowa, ta shiga kicin ajiye lemo a firji, kuma da yake hannunta ba ya iya ganin danshi ya bari, ta ɗauke komai ta goge kan teburin girkin. Sufeto na ɗaki tana ɗaura ɗankwali, ba ta ji ba.

Babba ya zo, ya ƙi zama a falo, ya tsaya a ƙofar kicin yana yaba aikin kafinta. Auta ta jingina da firji. Ga su nan su biyu, ɗaya a baya ɗaya a gefe, ita a tsakiya. Ta kunna murhu, ta kara tafin hannu sama da kasko har ta ji zafi ya taso. Ta miƙa hannun dama ta ɗauko kwalba, ta tsiyaya yadda ta saba, ta watsa albasa. Maimakon ƙarar suya sai ta ji wani baƙon tafasa, sai ƙamshin lemon tsami ya bugi hancinta.

Auta ta kwashe da dariya. “Mama, sabulu kika zuba. Ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro. Kalli kumfa.”

Babba ma ya dara. Sufeto ta lalubi makunnin ta kashe wutar. Ta ajiye kwalbar a hankali, ta goge hannunta a jikin riga, ta juyo ta fuskanci inda muryoyinsu suke. Ba ta ɗaga murya ba.

“To, kun kama ni. Sai ku huta. Ke ki shiga ki haɗa mini kaya, kai kuma ka juyo da motar.”

“Wane kaya kuma?” in ji Babba.

“Kada ku mai da ni yarinya. Ni na haife ku. Kun ba ni waya in zaɓi launi. Kun turo kafinta ya ce in karanta masa lamba. Kun zubar da gwangwanayena, kun kawo robobi masu kama ɗaya, na sa zare an tsinke, na sa filasta an ɓare. Yau kun musanya mini kwalba kun tsaya kuna kallo. Da kun tambaye ni kai tsaye da ya fi mutunci. E, ba na gani. Rubutun nan naki ban taɓa ganin harafi guda ba. Fuskarku ma rabona da ita tun kafin yayata ta rasu.”

Kicin ya yi tsit, sai kumfa da ke mutuwa a kasko. Sufeto ta kasa kunne. Ta san yadda mai laifi ke numfashi in an kama shi, ta ji shi a bakin teloli ba iyaka, ta ji shi a bakin yaran nan tun suna satar sukari. Shi take jira.

“Ba kya gani kamar yaya?” in ji Auta. Muryar ta fito siririya. “Mama, ba kya gani kamar yaya? Goge teburin kawai na yi. Na ɗauke su na mayar, ban ma duba wacce ce wacce ba.”

“Tun kafin rasuwar Inna?” in ji Babba. “Ai an daɗe. Ai ina zuwa. Kullum lafiya lau nake ganinki.”

Ta juya maganganun nan ciki da waje, ta ja su ta kowane gefe, ta nemi inda ɗinkin ya saki. Ba ta samu ba. Gaskiya suke faɗa. Ba taro, ba shawara, ba tarko. Auta launi kawai take so a zaɓa, kafinta awo kawai yake yi, zaren kuwa ƙazanta aka ɗauke shi. Duk tsawon lokacin nan da ta yi tana taka-tsantsan, tana haddace inda kowane kofi yake, tana kallon inda murya ta fito don a ce ido take haɗawa, ashe ba mai kallonta. Ta rame har riga na zamewa daga kafaɗarta, ta ƙone a hannu, goshinta ya kumbura, suna zuwa suna tafiya ba wanda ya gani. Abin ya yi mata ciwo fiye da makircin da ta zarga. Mai ɗana maka tarko aƙalla ya san hanyar da kake bi. Ta lalubi bango ta jingina.

Babba ya fara dawowa hayyacinsa, kuma da ya dawo, abin da ta sani zai faɗa shi ya faɗa.

“To ai magana ta ƙare, Mama. Ba za ki zauna ke kaɗai da gas ba. Yau ɗin nan za mu wuce gida, ɗakin baƙi na nan a gyare. Gobe mu ga likita.”

“Likita na yarda,” ta ce. “Ɗakin baƙi kuwa ka ajiye wa baƙi. Na yi girki a makance ana ci ana neman ƙari, ban ƙona gida ba. Sai da aka gyara mini kicin na fara ƙonewa.”

Wayar Babba ta yi ƙara, a karo na farko ya kashe ta bai duba ba. Ya ce bari ya sauka ya nemi lambar wani likitan ido da ya sani, ya fita da sauri, ta ji takunsa a matakala yana tsayawa yana ci gaba.

Auta ta ɗauki kaskon ta kai bakin famfo, ta buɗe ruwa, ta tsaya ba ta wanke ba. Can ta juyo.

“Mama, ki bari in gani.”

Ta kama fuskar uwar da jiƙaƙƙun hannuwa ta juya ta wajen taga. Sufeto ta so ta fizge, sai ta tsaya. Yarinyar ta daɗe tana kallo. Ta taɓa kumburin goshin, ta ɗago hannun ta shafa tabon ƙunar, ta kama kafaɗar rigar ta ji yadda ta yi yawa. Sai Auta ta fashe da kuka.

“Ni na yi miki wannan. Kina cewa in bar miki gwangwani guda, ina yi miki dariya.”

“Kukan me kuma? Kashe famfon, ruwa na zuba.”

Ta kashe. Sufeto ta gyara tsayuwa.

“Ba inda za ni.”

“Ba inda za ki, Mama. Zan gaya wa Yaya. Duk yadda kike so a jera, haka za a jera, ko igiya za ki ɗaura musu.”

Sufeto ta saurari alkawarin nan, ta kuma ji inda yake da rauni. Muryar na rawa, kuma maganar ba ta Auta ce ita kaɗai ba, akwai Babba, akwai likita, akwai ranar da hazon zai rufe sauran gefen. A kamfani da ta ce a mayar. Amma hannun yarinyar na nan riƙe da nata, bai saki ba, kuma ba ta da wani alkawarin da ya fi wannan. Ta karɓe shi a yadda yake.

“Wanke kaskon nan sosai, ki ɗauraye har sai ya daina ƙamshi,” ta ce. “Ki fitar mini da kwalbar sabulun nan daga kicin. Sannan ki miƙo mini albasa da wuƙa, yayanki bai ci komai ba.”

Auta ta ɗauko wuƙar, ta tsaya da ita a hannu tana kallon kaifin, tana kallon yatsun uwarta. Sufeto ta miƙa tafin hannu ta jira. Jiran ya yi tsawo. Sannan ta ji sanyin ƙotar ya sauka a hannunta.